Kyaftin da Hanyar Shanu

Jiya da safe autana yana goge takalminsa na makaranta a tsakar gida, sai ƙamshin man gogen ya bugi hancina. Na tsaya cak da ludayi a hannu, koko yana neman ƙonewa a kan wuta, ni kuwa tuni na tafi wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure, na koma yarinya 'yar firamare mai tsiwar tsiya, wadda kitsonta ba ya kwana biyu bai warware ba. A gidanmu mutum ɗaya ne mai wannan ƙamshi, shi ne yayan mahaifina. Mu muna ce masa Baffa, gari kuma yana ce masa Kyaftin.

Kakata ce kaɗai ba ta ce masa komai. Ɗan farinta ne, kun kuwa san kunyar mutanen da: ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In ta tuƙa tuwo za ta aika masa, sai ta miƙo mini kwano ta ce, "Ungo, kai wa mutumin can." Amma duk da haka a bakinta na ji yawancin tarihinsa, don shi ko da ƙugiya ba ka jawo magana daga cikinsa.

Ta ce yana saurayi, ana tsakiyar noman gero, ya jingine fartanya a gindin ɗorawa ya ce zai leƙa Kano ya dawo. Shiru, shiru, sai labari ya zo wai an gan shi a layin masu shiga soja. Kakana ya yi fushin da ya hana a ambace shi a gidan, domin a lokacin ana ganin soja aikin wanda ya gagari iyayensa ne. Kurtu ya shiga, karatun allo kawai gare shi, a bariki ya koyi boko. Aka kwashe su zuwa Kwango, ya dawo da igiya a hannun riga. Da yaƙin basasa ya ɓarke, a bakin daga aka maƙala masa anini a kafaɗa, ya zama hafsa, saboda waɗanda ke gaba da shi sun ƙare. Kakata ta ce duk tsawon yaƙin ba ta taɓa buɗe baki ta tambayi kowa labarinsa ba, kunya ta hana ta. Sai dai ta ɗauki mazarinta ta zauna a bayan dangar da maza ke sauraron rediyo, ta yi kamar kaɗi take yi. Bayan yaƙi ya yi ta yawon bariki, har ƙasar Labanan an tura shi aikin raba faɗa. Daga nan ya ce ya isa.

Na tuna ranar da ya dawo gida gaba ɗaya. Mu yara mun zaci za mu ga bindiga da motar sulke. Abin da aka sauke daga bayan a-kori-kura shi ne akwatin ƙarfe, da gado mai naɗewa, da rediyo, da wani dogon mutum siriri mai furfura a gefen kai, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Matarsa ta riga ta rasu a bariki, 'ya'yansa suna karatu a birni. Ya zaɓi ɗakin da ke kusa da soro, ya share shi da kansa, ya jera takalmansa a bakin ƙofa kamar masu jiran a tayar da salla.

Garin da ya baro ba shi ya tarar ba. Ruwan madatsar Tiga ya iso, katafila ta baje tsofaffin gonaki ta mayar da su fili ɗaya, an yanka kanal manya da ƙanana, an sake raba wa kowa wuri. Rani da a da lokacin zaman gindin bishiya ne da tafiya cirani, ya koma lokacin da ba mai hutu. In ka tsaya a kan gadar kanal da sanyin safiya, alkama ce kore shar har inda ido ya tsaya, can tumatir, can albasa, ga farin balbela yana bin ruwa. Warin danshi da na tumatir ɗin da ya ruɓe a bakin hanya, su ne warin yarintata.

Baffa ya karɓi gonarsa, tana manne da ta Baba, ya ce shi ma zai yi noman rani. Jama'a, an sha dariya a garin nan! Mutumin da ya ja ɗaruruwan sojoji, bututun robar da ake zuƙo ruwa da shi daga kanal ya gagare shi. Yaro ƙarami zai tsoma shi, ya toshe baki da tafin hannu, ya wurga, ruwa ya zubo. Baffa kuwa sai ya tsoma ya wurga, iska ta fito. Ya sake, iska. Baba yana gefe ya riƙe ciki. Baffa bai ji haushi ba, ya miƙa masa bututun ya ce, "A nan kai ne babba, koya mini." Dashen tumatir kuwa da igiya yake yin sa, layi ya miƙe sambal, duk wanda ya karkace sai ya tuge shi ya sake. Mutane suka ce tumatir ɗin Kyaftin fareti yake yi, ba 'ya'ya ba. Gaskiya ne kuma, bai taɓa zama gwanin noma ba har ya koma ga Allah. Amma ranar ban ruwansa bai taɓa ƙara ko da tsawon shan kofin shayi a kan lokacinsa ba, ko da kuwa rabin gonar bai sha ba. Zai cire bututunsa ya ɗaga wa na ƙasa hannu.

Ni ina son sa so mai tsanani, kuma ina jin tsoronsa kaɗan. Bai taɓa daka mini tsawa ba, kallo ɗaya ya isa. In samari suka kewaye shi suna cewa, "Kyaftin, don Allah mutum nawa ka harbe?" sai ya dube su ya ce, "Kun yi la'asar?" Shi ke nan an rufe zance.

To, gabas da gonakinmu akwai rugar Fulani da ta girmi kakata. Mun san su sun san mu. Matansu ke kawo mana nono kullum hantsi, kuma kafin zuwan ruwa al'ada ce, da zarar an gama girbi a sakar musu gonaki, shanu su ci kara da harawa su bar taki. Akwai burtali, wato hanyar da aka ware wa shanu tun kaka da kakanni, wadda ke kai su rafi ba tare da sun taɓa shukar kowa ba. Da katafila ta zo ba ta san burtali ba, ta haɗe shi da gonaki. Ga shi kuma yanzu ba a gama girbi, ana cire wannan ana dasa wancan. Abin da ya rage wa shanun sai wata siririyar gaɓa a gefen gonar Baba, ta nan suke bi ɗaya bayan ɗaya.

Wata shekara tumatir ya yi daraja, motoci suna layi a Kwanar Gafan ana lodi zuwa Kudu. Da rani ya zagayo kowa ya haukace da dashe, har bakin hanya. Baba mutum ne mai zafin nema da zafin zuciya, ni na gado shi, ya dubi gaɓar nan ya ga ƙasa tana zaune a banza. Ya kafta ta ya dasa. Baffa ya ce masa, "Ta ina za su bi?" Baba ya ce, "Su yi fiffike."

Tumatir ya yi kyau a shekarar, har ya fara ja, an aika a kawo kwanduna. Duk abin da Baba ya mallaka yana cikin gonar nan. Wata safiya bayan an idar da asuba ya tafi dubawa, ya tarar da garke a tsakiya. Shanu sun zo wucewa ba hanya, suka fasa shinge, suka bazu. Ba abin da ya fi ciwo irin yadda ba ma ci suke yi sosai ba, tattakewa suke yi. Baba ya yi kan saurayin da ke kiwon, saurayin ya ɗaga sanda. Haka aka rako mana Baba gida, jini ya wanke masa fuska ya jiƙa gaban riga.

Kafin hantsi ƙofar gidanmu ta cika. Ban taɓa ganin mutanen garinmu haka ba. Mai shayi, da tela, da ladan, mutanen da nake gaisarwa kullum, kowa da gora ko adda ko barandami, wani har da tsohuwar bindigar farauta. Kowa yana da tsohon haushinsa, wannan an ci masa albasa bara, wancan an fasa masa kunyar gona. Mai unguwa kuma ya kwana a Kura wurin taro. Maganar ɗaya ce: a je a ƙone rugar. Baba ya ɗaure kai da tsumma, adda a hannu, idonsa ba irin wanda na sani ba. Innata tana ciki tana kuka ƙasa-ƙasa, ta san in ya fita, ko dai a ɗauko shi, ko ya ɗauki ran wani gwamnati ta ɗauke shi. Ni ina bakin soro da ƙanina a goye.

Sai aka fara kiran Kyaftin. Ga tsohon soja a gari, wa zai ja su in ba shi ba? Ya fito a tsanake cikin farar riga, ya ɗaure manyan takalmansa. Wuri ya ɗauki sowa.

Baba ya ce, "Yaya, yau ranarka ce. Ka shige mana gaba."

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ni kuke so in ja ku?"

"Kai, ranka ya daɗe!"

"To in ni ne, umarnina za a bi. Wanda ba zai iya ba ya koma gida tun yanzu."

Ba wanda ya motsa. Ya ce su yi layi, suka yi, har da turo ƙirji, ana murmushi, yau ga su sun zama sojoji. Wata murya ta fito daga bakinsa wadda ban taɓa ji ba, ba ihu ba ce, amma har cikin ƙashi kake jin ta. Ya bi layin yana dubawa, ya zaƙulo wasu majiya ƙarfi ya ware su gefe.

"Ku je masallaci ku ɗauko makara. Ɗaya ba za ta isa ba, ku aro ta unguwar yamma."

Suka dubi juna. Ya ware wasu.

"Ku kuma ku ɗauki diga da shebur ku wuce maƙabarta, ku fara haƙa. Kada ku tsaya a rami ɗaya. Kai tela, ajiye addar nan, je ka buɗe shago ka yanko likkafani."

Murmushi ya ɗauke. Baba ya ce, "Yaya, wasa ne wannan?"

"Ka taɓa ganin na yi wasa? Ban taɓa fita da mutane ba sai na fara ware waɗanda za su ɗauko su. Haka aka koya mini, haka na yi ta yi. Kun ce za ku bi umarni. Maza."

Wallahi suka tafi. Shi kuwa ya tsaya, hannu a baya, ya bar su a layi rana tana hawa. Can sai ga makara an ɗauko, aka dire ta a gaban mutane, tsohuwar makarar garinmu da kowa ya san ta, da tabarmarta a naɗe a kai. Kowa a wurin ya taɓa sa kafaɗa a ƙarƙashinta, wani uwarsa ya raka, wani ɗansa. Matan da ke leƙe ta kan katanga suka fashe da salati.

A nan ne kawai na taɓa jin Baffa ya yi maganar yaƙi, ita ma ba ta da tsawo. Ya ce, "Na fita da yara kamarku. Da safe mu sha shayi tare, da la'asar ina tattara takalmansu. Kowannensu ya zaci wani ne zai faɗi, ba shi ba. Mutanen rugar nan ba kara ba ne da za ku sare ku wuce, kun ga kan ƙanina. Kuma suna da dangi a kowane daji. Ku ƙone yau, su dawo gobe, ku koma jibi. Na ga farkonsa a wurare da yawa, ban taɓa ganin wanda ya fara shi ya ga ƙarshensa ba."

Sannan ya juyo wurin Baba. "Kai ne mai gona, kai za ka tsaya kusa da ni a gaba. Amma shiga ciki tukuna ka nemi gafarar mahaifiyarka, ka sallami matarka. Ka kuma gaya mini wanda kake so ya riƙe yaran nan."

Baba ya waiwayo ya gan ni, ya ga ƙanina yana barci a bayana, baki buɗe. Ban san lokacin da kakata ta iso soron ba, sai dai na ji hannunta a kafaɗata. Ba ta dubi ko ɗayansu ba, bango ta kalla ta ce, "Na yi jiran ɗaya shekara da shekaru a bayan danga. Ba ni da sauran ƙarfin jiran wani."

Ladan ne ya fara sulalewa. Sai mai shayi ya tuna ya bar wuta a kunne. Kafin ka ce me, layin ya zama 'yan tsiraru, kowa yana ɓoye makaminsa a bayan riga kamar ya sato shi. Baba ya yi jifa da addar har ta kafe a ƙasa, ya dubi yayansa cikin ido ya ce, "Ashe da matsoraci muke zaune." Ya shige gida. Na dubi fuskar Baffa ina jiran abin da zai faru. Maganar ta shige shi, na gani. Sai kawai ya ce wa samarin, "Ku mayar da makarar masallaci, ku kira masu haƙa su dawo."

Shi kaɗai ya tafi rugar, ko sanda bai riƙe ba, yana ɗingisawa a kan gaɓar kanal. An ce ya tarar sun tura mata da yara daji, maza sun ja daga. Da azahar ya dawo tare da Arɗo da saurayin da ya yi dukan. Kada ku zaci ya goyi bayansu ne. A gaban mai unguwa, wanda ya dawo a guje, Baffa ya tsaya kai da fata sai an biya ɓarna da jinin da aka zubar, Arɗo ya kawo bijimi. Sannan a gaban kowa ya ce ƙaninsa ma ya yi laifi, ya toshe hanyar da ba shi ya buɗe ba. Washegari da sassafe aka ga Baffa a gonarsa, yana tuge tumatir ɗinsa mai fareti, layi bayan layi, tun daga kai har gindi, sai da ya buɗe hanyar da garke zai wuce a sake. Ya kafa bini-da-zugu a gefe da gefe. Wajen kashi ɗaya cikin ukun gonarsa ya tafi a nan.

Ba zan yi muku ƙarya in ce kowa ya yaba ba. Bijimi bai mayar da tumatir ba, shekarar ta yi mana tsauri, miya ta tsinke, sallar nan ba a yi mana ɗinki ba. Baba ya daɗe ba abin da ke haɗa shi da Baffa sai gaisuwar safe, ita ma a tsaye. Samari suka laƙaba masa Kyaftin Mai Makara. Wani yaro ya faɗa a gabana a hanyar makaranta, na tura shi cikin ƙaramin kanal da littattafansa, na sha bulala a wurin malam, kuma har yau ban yi nadama ba. Shi Baffa ko a jikinsa. Ya ci gaba da goge takalminsa, yana fama da bututunsa, in shanu sun zo wucewa ya ɗaga wa makiyayi hannu.

Ina gab da gama sakandare ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Tsofaffin sojoji suka zo daga wurare masu nisa, wasu da sanda, wani ba hannu ɗaya, suna ba da labarin yadda ya goyo wannan a baya, ya ƙi barin wancan a daji. Mu da muke gida ɗaya da shi sai a ranar muka ji. Mutanen ruga ma suka zo, suka zauna a gefe guda. Da aka dawo daga maƙabarta Baba ya shigo ɗakin Innata ya zauna a bakin gado. Sannan ya ce, "Da ba don shi ba, da ni kuka fara rakawa." Ya rufe fuska da hannun riga. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ran nan.

Yanzu in na je gida ba na gane hanya. Injinan casar shinkafa sun cika bakin titi, babura da adaidaita-sahu suna ta kaiwa da komowa, alkamar da na sani ta ja baya, shinkafa ta cinye ko'ina. Samari kowa da waya a hannu, in abu ya faru a gona, kafin dattijo ya sa takalmi an tara jama'a. Nakan ji labarin wasu garuruwa a rediyo, in ji yadda aka fara, in kashe rediyon, don na san sauran.

Baba yana nan da ransa, ya tsufa tukuf, ya ga jikoki har da tattaɓa-kunne. 'Ya'yan Baffa sun bar gonar a hannunsa. Ƙasa ta yi tsada a yankin, ba a barin ko taku ɗaya, kuma duk shekara ƙannena sai sun zo masa da magana ɗaya: shanun ai sun ragu, a kafta wurin nan a zuba shinkafa, buhu nawa ake asara. Bana a gabana aka yi. Mutumin da ya taɓa cewa shanu su yi fiffike ya saurare su har suka gama, sannan ya lalubo sandarsa ya miƙe da ƙyar.

Ya ce, "Wurin Yaya ne. In na mutu ku yi yadda kuka ga dama. Amma ina numfashi ba mai sa masa fartanya."